Riba da Haɗarin Zuba Jari a Filaye da Gidaje: Nazari a Kan Kano da Abuja

Tsakure

Maƙalar ta auna ribar da ake ci da asarar da ake tafkawa a harkar filaye da gidaje a biranen Kano da Abuja. Ta dogara ga nassin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, da hukunce-hukuncen kotu, da alƙaluman hauhawar farashi, da abubuwan da suka faru a bainar jama'a tsakanin 2022 da 2025. Matsayinta shi ne, mafi yawan ribar daga tashin darajar fili take fitowa, haya kuwa ɗan ƙari ce kawai, sannan asara mafi muni tana biyo ta ƙofar takarda da ikon hukuma ne, wuraren da masu saye ba su cika dubawa ba.

1.0 Gabatarwa

Ɗan kasuwar Kwari da ya samu rara, da ma'aikacin da aka biya kuɗin sallama, da matar da ta ci gado, galibi shawara ɗaya 'yan'uwa ke ba su: a sayi fili. Hujjar a bakin kowa take. Fili ba ya neman dusa balle mai kiwo, ɓarawo ba ya saɓa shi a kafaɗa, kuma da wuya a ji an ce ya rage kuɗi. Ga wanda ke gudun kuɗin ruwa saboda addini, ga kuma naira da ke zubewa kowace shekara, wannan shawara tana da tushe.

Sai dai abin da mai saye ke biya wa kuɗi a Nijeriya ba ƙasar ba ce. Tun daga 29 ga Maris 1978, doka ta damƙa duk ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da ya rage wa mutum shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda a birane galibi ake rubuta masa shekara 99. Manufar maƙalar ita ce ta nuna yadda wannan bambanci ke sauya lissafin riba da haɗari, ta kuma rarrabe ribar baki, wato yawan nairar da aka ƙirga, da ribar zahiri, wato abin da nairar za ta iya saye.

2.0 Waiwaye a Kan Ayyukan Magabata

Masana tarihin tattalin arziki sun rabu a kan ko gida jari ne mai tsoka. A wani bincike da aka buga a 2019, Òscar Jordà da Moritz Schularick da Alan Taylor da abokan aikinsu sun bi diddigin ƙasashe 16 masu arziki daga 1870 zuwa 2015, suka gano cewa gidaje sun ba da ribar zahiri ta kusan kashi 7 cikin ɗari a shekara, kusan daidai da hannun jarin kamfanoni, kuma ba tare da hawa da saukar da aka san hannun jari da shi ba. Robert Shiller na jami'ar Yale kuwa ya nuna tun 2005 cewa in aka cire hauhawar farashi, darajar gidaje a Amurka kusan ba ta motsa ba tsawon ƙarni guda daga 1890. Maganganun biyu ba su ci karo ba, domin kaso mafi girma na ribar da Jordà ya lissafa daga haya ya fito. Amma duk a ƙasashen da rajistar ƙasa ta zauna da gindinta aka yi su, inda ba a tababar wane ne mai gida.

Hernando de Soto, masanin ƙasar Peru, ya fi kusa da halin da ake ciki a nan. A 2000 ya kira kadarorin talakawa marasa takarda mataccen jari, domin ba a iya jinginar da su a banki. Kwamitin gyaran dokokin ƙasa da Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua ya kafa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje ya yi aiki da ƙiyasin cewa ƙasar da aka yi wa rajista a Nijeriya ba ta kai kashi 3 cikin ɗari ba. Rauni ɗaya a ra'ayin de Soto shi ne ɗaukar da ya yi cewa samun takarda ya kashe magana. Sashe na 5.2 zai nuna akasin haka.

A ƙasar Hausa ma batun ya daɗe. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu na musamman a kan hanyoyin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita. Turawa sun ɗora nasu tsarin a 1910, wanda ya sa ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna, aka sabunta shi da dokar Jihar Arewa ta 1962, kuma daga wannan ne dokar 1978 ta ɗebo yawancin tsarinta. Polly Hill, a bincikenta na Batagarawa da na karkarar kudancin birnin Kano, yankin da ta kira Ɗorayi, ta tarar manoma suna saye da sayar da gonaki da jinginar da su ba tare da wata takardar gwamnati ba. Yawancin irin gonakin da ta auna a gefen Kano yau unguwanni ne.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

An bi hanyoyi uku: karanta sassan doka da hukunce-hukuncen da suka fassara su, amfani da alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da na Babban Bankin Nijeriya, da nazarin al'amuran da suka faru a fili kowa ya shaida. Farashin fili da na haya da aka kawo a sashe na 4 misalai ne da aka ƙaddara don fito da lissafi, ba sakamakon ƙidayar kasuwa ba ne. An zaɓi Kano da Abuja ne don suna wakiltar tsari biyu: tsohon birni da gado da al'ada ke tafe tare da doka, da sabon birni da gwamnati ta zana a takarda kafin a aza tubali.

4.0 Inda Riba Take

4.1 Ribar Tashin Daraja

Fili a gefen birni yana tashi ne idan wani abu ya zo kusa da shi: titi, makaranta, kasuwa ko ma'aikata. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo ya ja Rijiyar Zaki da Ɗanbare da Rimin Gata cikin gari. Titin da ya kewaye Kano ta gabas ya yi wa Hotoro da Mariri haka. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a Janairun 2023 ta sa ido ya koma yankin Kumbotso. A Abuja, wanda ya riƙe fili a Lugbe ko Kubwa tun ana ganinsu bayan gari ya ga abin da titin filin jirgin sama da babbar hanyar Zuba suka yi wa darajarsa. A nan ne manyan dukiyoyin harkar suka taru, kuma abin lura shi ne mai filin bai yi komai ba. Jama'a ce ta ƙaru, gwamnati ta kashe kuɗi, shi ya kwashi amfanin. Shi ya sa wanda ya riga kowa jin inda za a yanka sabon titi yake gaba da kowa, lamarin da ke bayyana kusancin dillalan filaye da ofisoshin safiyo.

Amma ana yawan ruɗuwa da ribar baki. A ƙaddara mutum ya sayi fuloti naira miliyan 5 a Disambar 2022, ya sayar miliyan 9 a Disambar 2024. A bakinsa ya ci kashi 80 cikin ɗari. Hauhawar farashi kuwa ta kai kashi 28.92 a Disambar 2023, ta kai kashi 34.80 a Disambar 2024, wanda in aka ɗora su a kan juna kaya sun tashi da kusan kashi 74. Ke nan sai ya sayar a kan kusan miliyan 8.7 kafin uwar kuɗinsa ta dawo. Abin da ya rage kusan dubu 300 ne, la'adar dillali kaɗai na iya cinye shi. In da dala aka auna, kamar yadda ɗan kasuwar da ke sayo kaya daga waje zai auna, abin ya fi haka muni: a kasuwar canji irin ta Wapa dala tana kusan naira 740 a ƙarshen 2022, ta haura 1,600 a ƙarshen 2024. Ya shiga da sama da dala 6,700, ya fita da ƙasa da 5,700.

Duk da haka filin ya yi aikin da ajiyar banki ba ta yi ba, ya tsare yawancin darajar kuɗin. Wannan tsaro shi ne haƙiƙanin amfanin fili ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

4.2 Ribar Haya

Haya ba ta kai yadda ake zato ba. Gidan da ya ci miliyan 40 tsakanin fili da gini, in ana karɓar miliyan 2 a shekara, kashi 5 ke nan. A cire ladan wakili, da fenti, da yashe masai, da gyaran rufi bayan damina, da watannin da gida ke zama ba kowa, da ɗan hayan da ya daina biya aka shiga zaryar kotu. Abin da zai saura da ƙyar ya wuce kashi 3 zuwa 4. A daidai wannan lokaci, takardun sukuk da gwamnatin tarayya ta fitar a 2025 sun zo da kashi 19.75 a shekara, ba gyara ba rigima, kuma ba su shiga sahun kuɗin ruwa ba.

Dalilin giɓin a bayyane yake: kuɗin gini yana bin farashin siminti da rodi, waɗanda ke bin dala da dizal, haya kuwa tana bin albashin ɗan haya. A Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har ta kai gwamnati ta zauna da masu kamfanoni aka tsayar da 7,000 zuwa 8,000. Albashi bai yi irin wannan tsalle ba. Shaguna a bakin kasuwa da ɗakunan ɗalibai kusa da jami'a sun fi gidan iyali kawo kuɗi, shi ya sa kowane lungu na kasuwannin Kano ake neman inda za a tsuga shago. Wannan neman ne ya haifar da rikicin da za a tattauna a gaba.

5.0 Inda Haɗari Yake

5.1 Haɗarin Takarda

Unguwanni da yawa a Kano awon igiya ne: mai gona ya yanka ta fuloti-fuloti, aka rubuta takardar ciniki, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu, shaidu suka sa nasu. Takardar tana da ƙarfi a tsakanin jama'a, kuma kotu kan karɓe ta shaidar an yi ciniki, amma ba ta cikin taswirar hukumar tsara birane ta KNUPDA. Ranar da titi ko magudanar ruwa ta biyo ta wurin, jan fenti ne zai fara isa. Ga kuma sayar da fili ɗaya ga mutum biyu ko uku, abin da ya sa bangaye da yawa ke ɗauke da sanarwar cewa gidan ba na sayarwa ba ne.

Ko mai takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, bai tsira ba in ya tsallake sashe na 22 na dokar 1978, wanda ya wajabta neman amincewar gwamna kafin a sayar ko a jinginar. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi ba da amincewar gwamna ba, duk da cewa wanda ya yi jinginar ne da kansa ya kawo wannan hujja don kada a sayar masa da gida. Saboda tsadar neman amincewar da jinkirinta, mutane da yawa suna saye su ajiye takarda da sunan mai filin na farko. Fili kan wuce hannu huɗu ko biyar a haka, kowane hannu yana ƙara wa sarƙar rauni.

A Abuja dokar ta fi tsauri. Dokar 1976 da ta kafa Babban Birnin Tarayya ta mallaka wa gwamnatin tarayya ƙasar baki ɗaya, Kotun Ƙoli kuma ta jaddada haka a shari'ar Madu da Madu a 2008. Wanda ya sayi fili daga hannun sarkin ƙauye, ko ya riƙe takardar ƙaramar hukuma da ba a tantance a hukumar bayanan filaye ta Abuja, AGIS, ba, abin da ke hannunsa ba ya tsayawa gaban takardar ministan Abuja.

Gado ma ƙofa ce. Gidan da ba a raba ba, in ɗaya daga cikin magada ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin shufu'a a mazhabar Malikiyya, su mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓe. Mai saye ya yi asarar lokaci ke nan, kuma nairar da za a mayar masa ba ita ce wadda ya biya ba.

5.2 Haɗarin Alƙalamin Hukuma

Wannan shi ne haɗarin da littattafan ƙasashen waje ba su tanadar masa babi ba. Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin zama saboda maslahar jama'a ko saɓa sharuɗɗan takarda. Sashe na 29 kuma ya gina diyya a kan abin da aka aza a ƙasar, gini ko shuka, ba a kan darajar ƙasar a kasuwa ba. Ma'anar haka ita ce, wanda ya ajiye dukiyarsa a fili fayau, wato ainihin wanda 'yan'uwa suka ba shawarar da aka ambata a farko, shi ne doka ta fi bari a rana. A aikace gwamnatoci kan mayar wa masu gonaki wani kaso na fulotai, amma yawan kason yana hannun wanda ke kan kujera.

Rusau na Kano a 2023 ya fito da abin ƙarara. An rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ranar 29 ga Mayu, kafin mako ya zagayo an fara rushe gine-ginen da aka yi a filin sukuwa, sannan tsohon otal ɗin Daula, da sansanin alhazai, da shagunan da ke filin Idi. Hujjar sabuwar gwamnati ita ce filayen jama'a ne gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta cefanar ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan kuwa suka ce da takardun gwamnati suka saya. Maƙalar ba ta yanke hukunci tsakanin gwamnatocin biyu ba. Abin da ya shafe ta shi ne lissafin mai jari: a Satumbar 2023 Babbar Kotun Tarayya a Kano ta umarci gwamnatin jiha ta biya masu shagunan filin Idi diyyar naira biliyan 30, amma a Disamba aka sasanta a kan biliyan 3. Waɗanda suka yi nasara a kotu ke nan, sun tashi da kashi ɗaya cikin goma na abin da alƙali ya yanke.

Darasin da ke ciki na fasaha ne: ingancin takarda ya haɗa da tarihin filin. Makabarta, da filin makaranta, da harabar masallaci, da gefen ganuwa, da hanyar ruwa, duk filaye ne da wata gwamnati za ta iya bayarwa wata ta karɓe. Su ne kuma suka fi tsada don suna tsakiyar gari, wato a nan riba mafi girma da haɗari mafi girma suke kwana ɗaki ɗaya.

Abuja ta saba da wannan tun zamanin Nasir El-Rufa'i yana minista daga 2003 zuwa 2007, lokacin da aka rushe dubban gine-gine da sunan dawo da taswirar asali. A zamanin Nyesom Wike salon ya koma soke takardu: fulotai 165 a Satumbar 2023 saboda ba a gina su ba, sannan takardu 4,794 a Maris 2025 saboda an haura shekara goma ba a biya harajin ƙasa ba. Ajiye fili a manta da shi har ya yi tsada, wanda shi ne dabarar da aka gada, saɓa sharaɗin takarda ne a idon doka.

5.3 Daskarewar Jari

Fili ba ya sayuwa ranar da ake buƙatar kuɗi. Wanda rashin lafiya ko bashi ya matsa wa, dillalai na gane shi tun daga sallama, tayin da za su kawo kuma na wanda ya matsu ne. Ba a kuma yankar ɗaki ɗaya a kai kasuwa. Bashin gina gida da zai sassauta wannan ya yi ƙaranci: Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a Nuwambar 2024, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke bayarwa a lokacin. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake yankar kashi 2.5 na albashi dominsa, yana ba da rance a kashi 6, amma yana neman takardar da yawancin filaye ba su da ita. Sakamakon shi ne kangwaye: gini ya kai linta kuɗi ya ƙare, jari ya kwanta shekaru ba haya ba ciniki.

Gina gida ma ba ya tabbatar da mai shiga. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, waɗanda aka gina tsakanin 2011 da 2015 a bakin manyan hanyoyin shiga Kano, da yawansu sun daɗe a rufe, domin farashinsu ya fi ƙarfin masu neman muhalli, masu ƙarfin kuma ajiya suka saya.

5.4 Ruwa, Wuta da Rikici

Waɗannan sanannu ne, a taƙaice za a ambace su. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a Agustan 2022, wadda 'yan kasuwa suka danganta da gine-ginen da aka yi a kan magudanan ruwa, da benen da ya rufta a titin Beirut a ƙarshen watan, da ɓallewar madatsar Alau da ta nutsar da sassan Maiduguri a Satumbar 2024, duk sun faɗa a kan kadarorin da mafi yawansu ba su da inshora. Rikicin Kaduna na 2000 da na Jos daga 2001 sun raba unguwanni bisa addini, mutane suka sayar da gidajensu a wulaƙance ko suka yi musaya don su koma cikin nasu.

6.0 Wa Ke Ɗaukar Haɗarin?

Haɗarin bai rabu daidai ba. Attajiri mai fulotai talatin a unguwanni goma, in an soke ɗaya ya rasa kaso kaɗan, yana da lauya, yana kuma da wanda zai kira a ma'aikatar ƙasa. Malamin makaranta mai fuloti ɗaya na awon igiya ya zuba duk abin da ya tara a wuri guda, a kan takarda mafi rauni, kuma shi ne ya fi yiwuwa ya sayar cikin matsi. Kuɗin bincike a hukumar bayanan filaye ta Kano, KANGIS, ko a AGIS, da na safiyo, da na neman amincewar gwamna, nauyinsu a kansa ya fi yawa in aka gwada da darajar filin, shi ya sa shi ne ya fi tsallake su.

Akwai hanyar da aka tsara don irinsa, wato asusun haɗakar jarin gidaje, inda mutum ke sayen ƙaramin kaso a manyan gine-ginen haya ta kasuwar hannun jari, ya sayar ranar da ya so. Irin wannan asusu ya fara bayyana a Nijeriya tun wajen 2008, na kamfanin UPDC ya biyo baya a 2013. Sai dai kaɗan ne, yawancin gine-ginensu a Legas da Abuja suke, cinikinsu a kasuwa ba shi da yawa, kuma mai jarin Kano zai so ya san ko an tantance su ta fuskar shari'ar Musulunci kafin ya sa kuɗinsa. Gyaran da zai taɓa tushen matsalar, wato sassauta sashe na 22 da sake fasalin diyya a sashe na 29, yana da wuya ta hanyar doka, domin sashe na 315 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kulle dokar 1978 a cikinsa. Ba a taɓa ta sai da irin rinjayen da ake gyara kundin da shi, wanda ya haɗa da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi, kuma ikon gwamnonin waɗannan jihohi ne gyaran zai rage.